Daga Ramin Janeba Zuwa Ramin Messel

Jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba 18 shi ke ɗaukar mutum daga tashar Cornavin da ke tsakiyar Janeba ya sauke shi a ƙofar CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, kuma nan ne ƙarshen layinsa. Watan Fabrairu ne, sanyi irin mai shiga ta tafin takalmi, duwatsun Jura a gabanmu sun yi fari fat da ƙanƙara. Ɗan ƙanwata ne ya gayyace ni. Digiri na uku yake yi a wata jami'a ta Turai, amma aikin binciken nasa a nan ya zaunar da shi. Ni kuwa malamin fiziks ne na sakandare, na tsufa ina zana ƙwayar zarra a allo da alli.

"Kawu, kada ka sa rai da ganin wani abin a zo a gani a sama," in ji shi muna sauka. "Duk abin yana ƙarƙashin ƙasa."

Ya yi gaskiya. Ban da wani ginin katako mai siffar ƙwallo da sabon zauren baƙi da aka buɗe a watan Oktoba na 2023, sauran wurin tsofaffin ofisoshi ne da rumfunan kwano masu lamba a jiki, fentin wasunsu har ya koɗe. Ƙasashen Turai 12 ne suka kafa cibiyar a 1954, yaƙin duniya bai cika shekara goma da ƙarewa ba, kuma da alama tun lokacin suka yanke shawarar cewa kuɗin na'ura ba zai tafi wajen kwalliyar gini ba. Wannan ya burge ni. Titunan ciki sunayen masana aka sa musu, ga titin Einstein, ga na Bohr. A ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi marasa kyan gani ne Tim Berners-Lee ya rubuta shawarar da ta haifi shafukan yanar gizo a 1989, ba don kowa ba sai don masu binciken wurin su daina wahalar neman takardun juna.

A zauren baƙi na fi daɗewa gaban wani akwatin gilashi mai baƙin ƙasa, wanda aka cika da tururin sinadari mai sanyi ƙwarai. Kana tsaye sai ka ga farin zare ya gifta ya ɓace, wani dogo siriri a miƙe, wani gajere mai kauri, wani a karkace. Ba wanda ya harba komai cikin akwatin. Ƙwayoyi ne da ke ratsa mu dare da rana, wasu daga sararin samaniya, wasu daga iskar ɗakin, in sun wuce sai tururin ya taru a kan hanyar da suka bi. C.T.R. Wilson ɗan Sikotlan ne ya ƙera irin wannan akwati a 1911. Ɗan ƙanwata ya nuna wani dogon zare ya ce wannan sawun ƙwayar da ake kira miyuwon ne, gajere mai kaurin kuma na ƙwayar alfa.

Na ce, "To yaya aka yi ka sani, tunda ba ka ga ko ɗaya ba?"

Ya ce, "Kawu, mai bin sawu a daji yana ganin saniyar ne kafin ya ce maka tana ɗingishi?"

Duk na'urorin da na gani daga baya, har mai nauyin tan dubbai, wannan aikin suke yi. Ba a taɓa ganin ƙwayar kanta ba, kuma ba za a gani ba. Sawunta ake aunawa. A fili bayan zauren an ajiye gangar ƙarfen Gargamelle, tsohuwar na'ura da ke ɗaukar hoton kumfar da ƙwayoyi ke bari a cikin ruwan sinadari. Da ita aka samu shaidar farko a 1973 ta ka'idar da ta ba Abdus Salam ɗan Pakistan da Glashow da Weinberg kyautar Nobel a 1979. A zamaninta mutane ne, akasarinsu mata, ke zama gaban teburi suna duba hotunan ɗaya bayan ɗaya da ido. Georges Charpak ne ya kawo ƙarshen wannan wahala da ya ƙera akwati mai jerin siraran wayoyi a 1968, wanda ke mai da sawun ƙwaya saƙon lantarki ya miƙa wa kwamfuta kai tsaye.

Washegari muka shiga mota muka tsallaka Faransa, ba wanda ya tambaye mu fasfo, muka nufi wani ƙauye mai suna Cessy. Gonaki ne da shanu da ƙaramin coci. Ƙarƙashin waɗannan gonaki, kimanin mita 100, ramin LHC, babban injin da ke haɗa ƙwayoyi karo, ya zagaya, da'ira mai tsawon kilomita 27. Tun shekarun 1980 aka haƙa shi domin wata na'ura da ta gabace shi. A ciki akwai manyan maganaɗisu 1,232, kowanne tsawon mita 15, an sanyaya su da ruwan hiliyom har digiri 271 ƙasa da sifili, sanyin da ya fi na sararin samaniya. Su ke lanƙwasa hanyar furoton, ɗaya daga ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, wanda ke zagaya da'irar sau 11,245 a daƙiƙa ɗaya. Layi biyu ne, ɗaya na bin dama ɗaya na bin hagu, ana haɗa su karo a wurare huɗu, kowane wuri da na'urarsa: ATLAS, ALICE, LHCb, sai CMS da ke Cessy, inda ɗan ƙanwata ke aiki.

Da gangan ya zaɓi lokacin zuwana. A tsakiyar sanyi ake kashe injin a yi gyara, shi ne baƙo ke iya sauka har inda na'urar take. Aka ba ni hular kwano. Ma'aikata kuwa sai sun tsaya gaban wata ƙofa ta karanci ƙwayar idonsu kafin ta buɗe. Muka shiga lif, ya yi ƙasa da mu har kunnena ya toshe.

Hotonta na sha gani, amma hoto ba ya nuna tsayi. Tsawonta mita 21, faɗinta mita 15, nauyinta tan 14,000, an buɗe ta an ja sassanta baya, ja da kore da azurfa, wayoyi kuwa ba a magana. Kowace waya da lambarta a jiki. Wani dattijo sanye da kayan aiki yana can sama kan keken ɗaga mutane, ya sa kai cikin wani lungu da tocila a baki. Na tambaya ko farfesa ne, aka ce a'a, ma'aikacin hannu ne, ya girmi rabin farfesoshin wurin a aiki, kuma in ya ce kada a taɓa wani bututu ba mai taɓawa.

A sama aka haɗa CMS, aka yanka ta gida 15, aka riƙa zura su ta rijiya ɗaya bayan ɗaya. Mafi nauyi, kusan tan 2,000, an sauke shi a watan Fabrairu na 2007, ya ɗauki awa goma yana sauka a hankali. Ita kanta rijiyar da ƙyar ta haƙu, don ruwa na gudu a ƙarƙashin ƙasar, sai da aka daskarar da ƙasar ta zama ƙanƙara tukuna aka ci gaba. Tun kafin nan ma masu haƙa sun ci karo da kangon gidan gonar Rumawa, aka dakata masu binciken tarihi suka gama nasu.

Tsarin na'urar zobe ne cikin zobe. A can tsakiya, dab da inda ake karon, faranti ne na silikon masu ƙananan idanu fiye da miliyan 100, su ke nuna inda ƙwaya ta bi. Bayansu duwatsu ne garai-garai kamar gilashi, kusan 76,000, da aka narka daga dalma da tangistan a Rasha da Sin. In ilektron ko ƙwayar haske ta faɗa cikinsu sai su yi walƙiya daidai ƙarfinta. Na ɗaga samfurin guda ɗaya a sama kafin mu sauko, ido na ce maka gilashi ne, hannu na ce maka ƙarfe ne. Sai zoben tagulla mai tare manyan ƙwayoyi, kuma wani sashe na tagullar nan daga kwanson harsasan igwa na sojan ruwan Rasha aka narko shi, fiye da guda miliyan, ragowar yaƙin duniya na biyu. Duk waɗannan suna cikin wani ƙaton maganaɗisu mai ƙarfin da ya ninka na duniya kusan sau 100,000, wanda ke lanƙwasa hanyar duk ƙwaya mai caji. Daga yadda ta lanƙwasa ake gane saurinta da irin cajinta. Cikin ƙwayoyin da ke barin sawu, miyuwon kaɗai ke ratsa wannan duka ya fito, don haka aka yi masa nasa tarkon a can waje.

Inda muka yi gardama da yaron nan shi ne ɗakin kwamfutoci. Ya ce gungun furoton na haɗuwa sau miliyan 40 a daƙiƙa, kuma babu ma'ajiya a duniya da za ta ɗauke wannan bayani. Saboda haka akwai na'urar tacewa da ke yanke hukunci cikin 'yan miliyoyin kason daƙiƙa, ta rage su zuwa kimanin 100,000, sannan wani rukunin kwamfutoci ya sake tacewa ya bar dubu ɗaya zuwa 'yan dubbai. Sauran an zubar, ba su dawowa har abada.

Na ce, "Kai ɗan nan, ku kashe wannan dukiya ku haɗa karo, sannan ku watsar da kusan duka? In abin da kuke nema yana cikin wanda kuka zubar fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Wallahi Kawu, wannan tambayar ita ke hana manyanmu barci. Kafin a kunna injin ake zama a yi ta jayayya kan me za a ajiye. Kowane rukuni na son a ba shi kaso."

Har yanzu ina ganin a nan ne ainihin wahalar aikin take, fiye da sanyin hiliyom da nauyin ƙarfe. Na'urar ba ta ajiye sai abin da mutum ya riga ya zata zai iya zama mai amfani. Abin da bai taɓa faɗo wa kowa a rai ba, yana iya wucewa sau dubu a rana ba wanda ya sani. Ya ce suna ajiye wani ɗan kaso da ka, ba tare da tacewa ba, saboda wannan tsoron. Ban gamsu sosai ba, shi ma ban ga alamar ya gamsu ba.

Amma da wannan hanya aka samo ƙwayar Higgs, shaidar bayanin yadda sauran ƙwayoyi ke samun nauyi. Tun 1964 Peter Higgs, da François Englert da Robert Brout, suka rubuta cewa ya kamata a same ta. Ba ta bayyana sai a cikin karo biliyoyi, in ta bayyana kuma nan take take tarwatsewa, kuma kusan sau biyu kacal cikin dubu take tarwatsewa zuwa ƙwayoyin haske biyu da duwatsun nan ke iya aunawa da kyau. Sai aka tara, aka tara, har wani ɗan tudu ya fito a jadawali. Ranar 4 ga Yuli 2012 ATLAS da CMS suka sanar, kowace da nata lissafin da ta yi ba tare da leƙa na ɗayar ba. Higgs da Englert suka karɓi Nobel a 2013, Brout ya riga ya rasu a 2011. Wata takarda da rukunonin biyu suka fitar tare a 2015 sunayen marubuta 5,154 ne a kanta.

Shi ɗan ƙanwata ba Higgs yake nema ba. Ya kai ni ɗakin da yake wuni, sanye da farar riga da hular leda, yana gwada sababbin farantan silikon da za a sa in an yi wa na'urar babban gyara. Ya sa faranti a firji, ya ba shi wuta, ya rubuta yawan lantarkin da ke yoyo, ya cire, ya sa wani. A gida in an ce yana CERN, ana zaton kullum yana gano sirrin halitta ne. Na ɗan ji masa, sai ya tuna mini da 2008. Ranar 10 ga Satumba aka kunna LHC duniya na kallo, kwana tara bayan nan haɗin waya guda ɗaya tsakanin maganaɗisu biyu ya narke, hiliyom kusan tan shida ya fashe ya fita, sai da aka fito da maganaɗisu 53, aka yi fiye da shekara ana gyara. Ya ce tun daga nan ba mai raina mai duba haɗi.

A ɗakin cin abinci, inda za ka ji harshe biyar a teburi ɗaya, na tambayi wani injiniya maganar wuta. Ya ce in komai na aiki cibiyar na jan kimanin megawat 200, kuma daga layin Faransa take sha. Na yi shiru ina lissafi. Kusan kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga tashoshin nukiliya take fitowa, kuma shekaru da dama wani kaso na yuraniyom ɗin tashoshin nan daga Arlit ta Nijar aka haƙo shi, inda aka fara haƙa tun 1971. Wato akwai ƙasar Azbin a cikin wutar da ta juya furoton ɗin nan, alhali garuruwan da ke kusa da ramin na kwana a duhu. Ban faɗa wa injiniyan ba, ba shi ya raba ba.

Daga Janeba muka hau jirgin ƙasa ta Zurich muka shiga Jamus, muka yada zango a Ulm, garin da aka haifi Einstein a 1879, a bakin kogin Danube. Wata abokiyar karatun yaron tana aiki a cibiyar Helmholtz ta binciken batir da aka kafa a can a 2011, ta yarda ta zagaya da mu na ɗan lokaci. Bayan CMS, wurin ya yi mini ƙanƙanta. Akwatunan gilashi ne cike da iskar argon, da baƙaƙen safofin roba da ke leƙowa waje. Mutum ya zura hannuwansa ya haɗa ɗan batir mai faɗin kwabo a ciki, don litiyom ba ya shiri da iska ko laima.

Ta yi mini bayanin abin da na sani a takarda, amma da kayan a hannu. In ana caji, ƙwayoyin litiyom na barin ɓangare ɗaya su ratsa ruwan sinadari su shige tsakanin shimfiɗun girafayit, in ana amfani da batir ɗin su komo. Kowane zuwa da dawowa wasu kaɗan na maƙalewa a wata fata da ke taruwa a fuskar girafayit ɗin, kuma zafi na hanzarta wannan. Shi ya sa batirin waya da na sola ke saurin mutuwa a wurinmu in an bar su a ɗaki mai kwano a watan Afrilu. Goodenough da Whittingham da Yoshino ne suka karɓi Nobel a 2019 kan wannan batir, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Ita kuwa sodiyom take bi, wanda ke cikin gishirin miya, don yana ko'ina kuma ba ya bukatar kobal, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari nasa daga Kwango yake fitowa. Matsalar ita ce ƙwayar sodiyom ta fi girma, ba ta zama a girafayit, sai an yi mata wani irin gawayi mai tauri. Ta ce an gwada yin gawayin da ragowar tuffa, da totuwar masara, da ɓawon gyaɗa. Da ta ce ɓawon gyaɗa sai da na sa ta maimaita. Irin wannan batir ya fi nauyi a kan wutar da yake ɗauka, amma wanda za a ajiye a gida ya sha hasken rana, ina ruwansa da nauyi? A ɗaki na gaba ɗaruruwan ƙananan batura ne jere cikin akwatuna, ana cika su ana juye su wata da watanni, akasarinsu kuma kwandon shara za su ƙare.

Zangonmu na ƙarshe shi na fi so, kuma ba ya cikin shirin farko. Jirgina daga Frankfurt zai tashi, yaron ya ce akwai wani rami kusa da Darmstadt da ya kamata malamin kimiyya ya gani.

Messel ƙaramin gari ne, ramin kuma yana bayan tashar jirgi, cikin daji. Ba a shiga sai da ɗan jagora, mu daga dandalin kallo muka tsaya. Kwari ne mai tsawon kusan kilomita ɗaya, zurfin mita 60, bishiyoyi sun tsiro a gefensa, ba wani abin da zai ja ido. Shekaru miliyan 47 zuwa 48 da suka wuce, narkakken dutse ya taso ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wurin ya fashe ya bar rami mai zurfi, ruwa ya cika shi ya zama tafki. A lokacin ƙasar Jamus zafi gare ta, da kurmi da kadoji. Tafkin zurfinsa ya yi yawa, ruwan ƙasansa ba ya motsi, babu iskar shaƙa a cikinsa, saboda haka babu tsutsa ko kifin da zai ci abin da ya nutse. Duk shekara siririyar laka, ƙasa da rubu'in milimita, na sauka ta rufe abin da ke kwance. Haka aka yi shekaru dubu ɗaruruwa.

Na san abin da ɗalibaina za su ce: Malam, wa ya ƙirga shekarun? A 2001 an haƙa rijiyar gwaji mai zurfin mita 433 a tsakiyar ramin, aka ciro dutsen da aman wutar ya bari. A cikin irin wannan dutse akwai wani nau'in fotasiyom da ke rikiɗa a hankali, rabinsa cikin shekara biliyan 1.25, wani kaso nasa ya zama iskar argon. Lokacin da dutsen ke narke argon ɗin da ke ciki ya tsere, da ya daskare sabo ya fara taruwa. A auna nawa ya taru, lissafi ya ba da shekaru. Darasin da nake koyarwa ne a aji na ƙarshe, ban taɓa samun misalin da ya kai wannan ba.

Abin da aka ciro yana gidan tarihi na Darmstadt da na Senckenberg a Frankfurt. Na taɓa tsayawa gaban ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamadar Nijar a gidan tarihi na Yamai, waɗancan girma ne ke ba ka tsoro. Na Messel ƙanƙanta ne da cikar kama. Jemage da fatar fiffikensa, a cikinsa ga ragowar ƙwarin da ya ci a daren ƙarshe. Wata ƙaramar dabba dangin doki, ba ta fi kare ba, da ɗa a cikinta. Kififiya mace da namiji da ajali ya same su a haɗe. Maciji da ya haɗiye ƙadangare, shi kuma ƙadangaren da ƙwaro a cikinsa. Me ya kashe jemagu da tsuntsaye da yawa haka a kan ruwa? Masana ba su daidaita ba. Wasu na cewa iska mai guba ce tafkin ke fitarwa lokaci lokaci, irin wadda ta tashi daga tafkin Nyos na Kamaru a 1986 ta kashe mutum fiye da 1,700. Wasu na cewa gansakuka mai dafi ce ta ɓata ruwan sha.

Ƙwarin su suka tsayar da ni. Akwai sarauniyar tururuwa da in ta buɗe fiffike ya kai santimita 15, tana cikin mafi girman tururuwa da aka taɓa sani. Akwai ƙwaro mai kama da ganye, wanda aka bayyana a 2007, kamanninsa kusan ɗaya da jikokinsa na kurmin Asiya a yau. An sami ƙuda da cikinsa ke cike da garin fure, har aka gane irin tsirran da ya ziyarta. Akwai kuma wani ganye, da aka yi bayaninsa a 2010, mai tabon cizo a jikin jijiyoyinsa. Irin wannan tabo a yau tururuwa ce ke barinsa in wata funfuna ta kama ta, ta juya mata hankali, ta sa ta hau ganye ta cije jijiyarsa ta mutu a nan, sannan funfunar ta tsiro ta kanta. Ba tururuwar a jikin ganyen, ba funfunar, tabon kaɗai ya isa.

Sai buzuzu masu sheƙi, kore da shuɗi da ruwan zinariya, launinsu na nan. Wannan fannina ne, don haka na karɓe bayanin daga hannun yaron. Launin ba rini ba ne, da rini ne da tuni ya ruɓe. Bayan ƙwaron shimfiɗu ne sirara ƙwarai, ɗaya kan ɗaya, haske na dawowa daga kowace shimfiɗa, wasu launuka su ƙarfafa juna wasu su kashe juna. Muddin shimfiɗun ba su lalace ba, launin na nan. Amma dutsen Messel kusan kashi 40 cikin ɗari nasa ruwa ne, da zarar an tsaga shi ya sha iska sai ya bushe ya farfashe. Masu tono na aiki da wuƙa da bokitin ruwa, suna tsagawa suna jiƙawa. Manyan dabbobi ana zuba musu danƙon roba a gefe ɗaya, in ya kama a kankare dutsen ta ɗaya gefen. Ƙwari kuwa cikin gilisarin ake tsoma su, a nan za su zauna.

Tun ƙarni na 19 ake haƙar wurin, an daɗe ana dafa dutsen ana tatsar mai, Allah kaɗai ya san abin da ya shiga tanderu. Da aka rufe haƙar a 1971, hukumomi suka ga ƙaton rami kusa da manyan birane, suka ce ya dace da juji. Ba wasa suke ba, an amince da shirin, an zuba siminti, an yi hanyar motocin shara. Mutanen Messel da masana da masu tonon sha'awa suka ƙi, aka yi ta shari'a kusan shekara ashirin. Masu tonon sha'awar nan, waɗanda ke shiga suna kwashe abin da suka iya kafin shara ta rufe shi, su suka gyara dabarar danƙon roba har ta zama abin da gidajen tarihi ke amfani da shi. A 1990 aka janye shirin, a 1991 jihar Hesse ta sayi ramin, a watan Disamba na 1995 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya, na farko a Jamus a ɓangaren halitta. Waɗanda suka so juji ba mahaukata ba ne, shara gaskiya ce kuma dole a kai ta wani wuri. Lissafinsu dai bai ɗauki buzuzu a bakin komai ba.

Ana ci gaba da tono duk bazara, gidan tarihi na Darmstadt da cibiyar Senckenberg kowa da filinsa, kuma ƙwari na cikin abin da aka fi samu. A tashar Darmstadt muka rabu da ɗan ƙanwata. Ni na nufi filin jirgi, shi ya kama hanyar kudu, don an sa shi aikin dare a Cessy. An rufe na'urar, kuma kafin furoton ya dawo, da miyuwon da ke saukowa daga sama ake gwada ta, sai wani ya zauna gaban allo ya tabbatar kowane sashe na amsawa.

"Kawu, a gaida Umma," in ji shi. "Ka ce mata ina cin abinci."